Maigidan Adiza

Tun da na dawo daga Gana ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin mai shayi sai wani ya jawo benci: "Lawal, yaya Kumasi? Da gaske a ƙasa ake tsintar goro? Da gaske koro ku aka yi?" Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma kullum sai in tarar na tsallake abin da ya fi tsaya min a rai, domin ba abin faɗa ba ne a tsakiyar shewa. To, ga shi a rubuce. Wanda ya sake tambayata zan miƙa masa takardar, in ci gaba da shan shayina.

Ga abin da ya kai ni. Da na gama karatu, jami'armu ta ɗauke ni aiki a sashen da ke zagaya makarantun gwamnati yana kwaɗaita wa 'ya'yan talakawa karatu mai zurfi. Sai aka ji cewa wata jami'a a Kumasi ta soma irin wannan aiki, amma yaran Zango, unguwar Hausawa da sauran baƙi, sun gagare ta, kuma ba ta da mai jin Hausa sosai. Aka ce in je in yi musu tafinta na 'yan watanni, in kuma kwaso abin da zan iya kwasowa. Ƙarshen daminar 1969 ke nan.

An ce in bi ta Ikko, na ce a'a. Kakana ya yi fataucin Gwanja da jakai, ya cika mana kunne da labarin hanyar tun muna yara, don haka na ce sai na ga inda ya taka. Daga baya bayana ya gaya min cewa jakin kakana ya fi bencin babbar mota tausayi.

Abin kunya na farko ya same ni muna wuce Jibiya. Muna shiga ƙasar Nijar direba ya karkata mota ya koma hannun dama, ga wata mota tafe. Na ƙwalla salati da iyakar muryata. Motar nan kaf ta fashe da dariya. Wata dattijuwa da ke kusa da ni, Hajiya Tabawa, mai fataucin kanwa, ta dafa kafaɗata ta ce, "Ɗan boko, kwantar da hankalinka. Nan ƙasar Faransa ce, ta nan suke bi. Ashe ba a koya muku wannan a jami'ar?" Tun daga nan ta ɗauke ni kamar ɗan da aka ba ta riƙo. Ita ta canza min kuɗi a Maraɗi, ita ta yi wa jandarma bayani da ya buɗe akwatina ya ga littattafai ya ɓata rai, ita kuma ta riƙa tura min ƙuli-ƙuli da kilishi ba tare da ta dube ni ba.

A Yamai muka haye kogi a jirgin fito, muna kallon gadar da ake ginawa. A Wagadugu na ga mata a kan kekuna da babura, goyo a baya, burodi dogo kamar sanda a hamata, ba wanda ya ko waiwaye su sai ni. A Paga, bakin iyakar Gana, direba ya sake komawa hannun hagu, wani saurayi da ya shigo a Wagadugu ya yi ihu, ni kuwa na fi kowa dariya. Hajiya ta harare ni ta ce, "Kai kuma yaushe ka zama ɗan gari?"

A Yeji muka daɗe muna jiran jirgin da zai haye da mu wani babban tafki. Yunwa ta sa na sayi wani ƙullin tuwon masara a cikin ɓawo, wanda suke kira dokunu, da soyayyen kifi da baƙin yaji. Na kai loma ɗaya na ji tsami, na koma wurin mai sayarwa na ce mata tuwonta ya lalace. Matar ta dube ni sama da ƙasa, ta kira maƙwabtanta su zo su ga mutumin da ya ce dokunu ya yi tsami. Ashe tsamin shi ne daɗin. Kafin in bar ƙasar sai da na zama mai nemansa da kaina.

Ranar Lahadi muka shiga Kumasi, ofisoshin jami'a a rufe. Hajiya ta ce, "Taho, in kai ka inda ake sauka." Muka ratsa lungunan Zango, ni da akwatina a hannu, ƙamshin goro da na soyayyen ƙosai ko'ina, har muka tsaya a ƙofar wani babban gida. A zauren wani tsoho ne zaune a kan buzu, dogo, siriri, da tsagen Adarawa a fuska. Shi ne Baba Mahaman. Tun yana saurayi ya baro Tawa, ya zama mai saukar baƙi: fatake su sauka a gidansa, ya adana kayansu, ya nemo musu masu saye, ya tsaya musu idan rigima ta taso. Irinsa ake kira maigida a Zango.

Na yi sallama, na sunkuya zan ajiye akwatin. Tsohon ya daka min tsawa.

"Tsaya! Mi kake yi? A gidanga baƙo ba shi sauke kayansa da kansa. Aza shi bisa kai."

Na dubi Hajiya, ta kawar da kai tana murmushi. Haka na ɗora akwati a ka, da kwat ɗina da takalmina mai sheƙi, yara suna leƙowa. Baba ya miƙe a hankali, ya sa hannu biyu ya sauke shi.

"Yawwa," in ji shi. "Yanzu ka zama nawa. Wanda ya sa hannu ya sauke maka kaya ya ɗauki nauyinka, ci da sha da ciwo da shari'a. Kuma ka riƙa duban hannun mai saukewa, ɗana. Mai hannu ɗaya kara ce yake yi maka. Mai hannu biyu, shi ka kwana gidansa."

Washegari jami'a ta ba ni ɗaki mai fanka da gado mai katifa. Na gode musu, na koma Zango.

Da safe wata yarinya takan kawo min koko da ƙosai kafin ta tafi makaranta. Adiza sunanta, wato Hadiza a bakinmu, autar Baba, 'yar shekara goma sha biyar ko kusa da haka. Uwarta Badagomba ce daga arewacin Gana, ta rasu tun Adiza tana ƙarama. Tana ajin ƙarshe a makarantar midil ta gwamnati, kuma idan shekara ta juya za ta zauna jarrabawar shiga sakandare. Na lura ba ta miƙa min ƙosai sai ta gama karance guntun jaridar da aka ƙunso shi a ciki, har wata rana na ce mata ni ƙosan nake jira, ba labarin duniya ba.

"Tica," ta ce min rannan, da irin Hausarsu ta Zango, "gaskiya ne a jami'a akwai gilashi wanda idan ka duba ruwa kana gani abu yana tafiya ciki? Hedimasta ya faɗa, amma ni ban yarda ba koraa."

Na ce gaskiya ne. Ta ce, "Ina so na gani paa." Koraa ɗin nan da paa ɗin nan su ne gishirin maganarsu, ɗaya na ƙarfafa a'a, ɗaya na ƙarfafa i. Kuma ba ruwansu da mace ko namiji a magana: sai ka ji an ce "matana ya tafi kasuwa". Satin farko ina gyara musu, sati na biyu na gane ni ne baƙon.

Shugabar aikinmu a jami'a wata malamar kimiyya ce, Ba'ashantiya, Madam Serwaa. Gajeriya ce, mai tabarau, mai saurin tafiya da saurin magana, mijinta ya rasu. Ita ma 'yar mai sayar da rogo ce a kasuwa, kuma ba ta ɓoye wannan ga kowa. Shirinsu shi ne a ɗauko yaran makarantun gwamnati ranar Asabar a kawo su jami'a su yini, su ga ɗakunan gwaje-gwaje da laburare, su ci abinci da ɗalibai, don su san cewa wurin ba na aljanu ba ne. An aika da gayyata ta hannun shugabannin makarantu. Yaran wasu unguwanni sun cika mota. Motar da aka tura Zango da Aboabo kuwa sau biyu tana komawa daga ita sai direba.

"Iyayen ba sa son boko," in ji wani malami a taronmu.

Madam ta ce, "Da ba sa so, da ba su sa su a makarantar ba tun farko. Lawal, kai kake kwana a cikinsu. Je ka tambayo."

Bayan la'asar na tambayi Baba. Ya gutsuri goro ya daɗe yana tauna.

"Ɗana, buhun goro ma ba a aika shi Ikko sai an san maigidan da za shi karɓa. Jami'ar nan, wa ad da ita?"

Na ce ta hukuma ce.

"Hukuma tana da zaure? In ɗiyata ta tahi ba ta komo ba, ƙofar wa zan buga? Takarda kuka aiko. Takarda ba ta da fuska."

Na kai wa Madam maganar yadda take. Na zaci za ta yi dariya. Sai ta cire tabarau ta ce, "Uwata ma da haka za ta ce. Yaushe yake zama a zauren?"

Zuwa da kai ya fi saƙo. Ranar Alhamis ta zo da kanta, ta ɗaura zane da ɗankwali, ta cire takalmi a bakin zaure ba tare da an gaya mata ba. Baba ya tara dattawan unguwa. Ina tsakiya ina juya magana. Wani dattijo mai suna Malam Garba ya ce bai taɓa jin maigida mace ba. Madam ta ce in gaya masa a Ashanti gida na mace ne, gado ma ta ɗakin uwa yake bi, maza baƙi ne masu daɗewa. Zauren ya ɗauki dariya, har Malam Garba. Aka tambaye ta abinci, saboda tsoron naman alade. Ta ce matan Zango su dafa da hannunsu a tafi da shi. Aka tambaye ta salla, ta ce akwai inuwa da famfo, kuma duk dattijon da yake so ya biyo motar. Daga nan Baba ya bayyana mata ƙa'idar gidansa ta sauke kaya, kamar yadda ya bayyana min, ya ce idan ta yarda ita ce maigidan yaran Zango a can. Ta ce ta yarda.

Ranar Asabar motar ta cika har da tsaye. Baba da Malam Garba suka sha manyan riguna suka zauna a gaba kamar masu zuwa ɗaurin aure. Da muka isa, Adiza ce ta fara sauka, da ƙullin kwanon wake da shinkafa a kanta, irin nasu mai ja wanda ake dafawa da karan dafi. Ta tsaya a gaban Madam. Madam tana riƙe da takardu a hannun hagu, ta sa dama ta sauke ƙullin tana dariya, ta ce, "Akwaaba!" wato maraba. Na ga Baba ya dubi hannun nan ɗaya.

Yinin nan ba zan manta da shi ba. Yaran suka shiga laburare suka yi tsit kamar an shiga masallaci. Wani yaro ya tambaye ni ko mutum ɗaya ne ya rubuta littattafan duka. A ɗakin gwaji Madam ta ɗiga ruwan kwata a kan gilashi ta sa a ƙarƙashin madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa. Adiza ta kafa ido, ta daɗe, ta ɗago, ta sake komawa. "Ei, Tica! Yana tafiya! Yana da gashi!" Sai da aka janye ta don wasu su samu. Baba ya ce shi ma a ba shi wuri. Ya tattare hannun riga, ya rufe ido ɗaya, ya duba. Da ya ɗago ya ce, "Subhanallahi. Ashe bayin Allah sun fi yadda muke zato yawa." Malam Garba kuwa ya ƙi shan ruwa har muka koma gida.

A hanyar dawowa Adiza ta ce min ita ta gama shawara, magani za ta koyi haɗawa, a ɗakin nan, a kan teburin nan na kusa da taga. Na ce sai ta ci jarrabawa tukuna, sannan sakandare, sannan wata jarrabawar. Ta ce, "Na sani. Madam ya ce shi ma haka ya yi." Daga wannan Asabar aka soma yi musu darasin share fage kowane mako, kuma ba a sake komawa da mota wayam ba. Na yi farin ciki irin wanda ban taɓa yi a kan aiki ba.

Ana cikin haka azumi ya kama, kuma a cikin azumin sanarwar nan da kuka ji ta fito a rediyo: duk baƙon da ba shi da takardar zama ya nemo ta cikin mako biyu ko ya bar ƙasar. Kun tambaye ni wannan sau da yawa, kuma ba na son dogon bayani a kansa. Zango ta zama kamar kasuwar da ta tashi. Gadaje da kekunan ɗinki da tukwane a bakin titi ana neman mai saye ko nawa ne. Mutanen da aka haifi kakanninsu a lungun nan suna tambayar juna sunan garin da za su ce nasu ne. Ni ina da takardata, amma jami'a ta ce gara in koma gida har ƙura ta lafa.

Baba ba shi da takarda. Lokacin da ya shigo ƙasar ba a san ta ba. Ya sallami baƙinsa ɗaya bayan ɗaya, ya mayar wa kowa ajiyarsa, sannan ya ce shi ma Tawa za shi. Adiza kuwa ta wajen uwa 'yar ƙasa ce, tana iya zama. Amma a hannun wa? Yayyenta sun riga sun yi gaba da iyalansu, maƙwabtan da Baba ya amince da su duk suna ɗaure kaya. Dangin uwarta suna wani ƙauye can bayan Yendi inda ba makaranta. A Tawa kuma karatun Faransanci ake yi, ba wanda zai karɓi yarinya mai shekarunta ta soma daga baƙi. Duk inda aka juya, karatun ya ƙare.

Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta daina karanta takardar ƙosai dai, ta daina cewa paa. Ta wanke rigar makarantarta, ta goge, ta ninke ta a ƙasan akwatin ƙarfe. Wannan shirun ya fi kuka ci min rai.

Na ce wa Baba, "Ga Madam. Ai ita ce maigidanta."

Ya girgiza kai. "Hannu ɗaya ta sa, ɗana. Na yini ɗaya ne. Ban ga laifinta ba, abin da aka roƙe ta ke nan."

Na ce bari in je in tambaye ta. Ya ce kul. "Ba a roƙon maigida da baki. In ka roƙa ya ƙi, kun ji kunya ku biyu har abada. In ya karɓa don kunya, yarinya ce za ta sha wuya. Tsayawa ake yi a ƙofa da kaya bisa kai. In an sauke, falillahil hamdu. In ba a sauke ba, sallama muka zo yi, kowa ya riƙe mutuncinsa." Sannan ya ce, "Shekara arba'in ana tsayawa a ƙofata. Ban taɓa sanin yadda mai tsayuwar yake ji ba."

Ana gobe motarmu za ta tashi, da hantsi, muka shiga tasi mu uku zuwa gidajen malamai. Madam tana baranda tana duba takardun ɗalibai, jan biro a hannu ɗaya, takardu a ɗayan. Tsohuwar uwarta tana gefe tana ɓare gyaɗa. Al'adar Ashanti ita ce a ba baƙo kujera da ruwa, sannan a tambaye shi abin da ke tafe da shi, ko da an sani. Aka kawo kujeru, aka kawo ruwa. Baba ya taɓa kofin ya ce yana azumi, ya gode. Aka tambaye shi abin da ke tafe da shi, ya ce sallama ya zo yi, gobe zai tafi garinsu.

Adiza ba ta zauna ba. Tana tsaye a bakin matakala, akwatin ƙarfe a kanta, idonta a ƙasa.

Madam ta ce min da Turanci, "Ka ce mata ta ajiye mana, ai da nauyi."

Na ce, "Ba za ta ajiye ba, Madam."

Ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta dubi tsohon da ya kafa wa itacen mangwaro ido kamar shi ya zo gani. Na ga lokacin da ta gane. Fuskarta ta sauya. Ta soma magana ƙasa-ƙasa da Turanci, ba ni take gaya wa ba, ba kuma kowa ba. Ɗaki biyu gare ta. Ga uwarta, ga 'ya'yan ƙanenta biyu da take riƙo. A kwanakin nan ana sa ido a kan masu ajiye baƙi, kuma ba kowa zai tsaya ya tambayi asalin uwar yarinya ba. Idan ta yi ciwo fa? Idan ta faɗi jarrabawar fa? Ba shekara ɗaya ba ce, ba biyu ba.

"Mi ta ce?" in ji Baba.

Na ce, "Lissafin ɗakuna take yi, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya dubi Madam, ya kira ta yadda suke kiran uwa a can. "To, Maame, mun gode da zumunci. Allah shi saka da alheri. Adiza, mu tahi." Muryarsa ba ta ko girgiza ba. Adiza ta juya a hankali saboda nauyin akwatin, wuyanta yana rawa.

Ban ga lokacin da Madam ta tashi ba. Ƙarar faɗuwar biro na ji a kan siminti, na waiwaya na ga takardun ɗalibai a zube a ƙasa. Ta sauko matakalar ba takalmi, ta sha gaban yarinyar. Da yake gajeriya ce sai da ta yi ɗage. Ta kama akwatin ta gefe da gefe, ta sauke shi, nauyinsa ya kusa kayar da su su biyu. Sannan ta juya wajen Baba, ta haɗa 'yar Hausar kasuwar da take da ita, ta ce:

"Baba. Yarinya ya zo gida."

A nan ne Adiza ta fashe da kukan da ta daɗe tana riƙewa. Ni ma na juya na duba mangwaron nan, na ga abin da Baba yake gani a jikinsa.

Baba ya koma ya zauna, domin yanzu akwai magana. Ya ce salla biyar, ya ce ban da naman da aka sani, ya ce sauran azumi a tashe ta sahur. Tsohuwar ta sa aka gaya masa cewa ita ba ta barcin asuba tun da ta tsufa, wannan aikinta ne. Ya ce yarinyar tana da taurin kai. Madam ta ce ta lura, shi ya sa take sonta. Da za mu tafi Adiza ta durƙusa a gabansa, ya ɗora hannu a kanta, daidai inda gammo ya kwanta, ya daɗe yana motsa baki. Abin da na ji kawai shi ne, "Ki duba min bayin Allahn nan na cikin ruwa da kyau."

Komowa ba ta yi kama da zuwa ba. Motoci a jere kamar ba su da ƙarshe, mutane a kan kaya, kaya a kan mutane. A Yeji jiran ya ninka, a Paga ya sake ninkawa. Ba wanda ya yi dariya da direba ya koma hannun dama. Salla ta riske mu a hanya, muka yi idi a gefen titi kusa da Fadan Gurma, wata mata ta raba mana dabino ɗaya-ɗaya. Baba bai yi ƙorafi ko sau ɗaya ba, bai ambaci gidan da ya bari ba. Sai dai lokaci-lokaci, muna cikin tafiya, ya taɓo ni da gwiwar hannu ya ce, "Ka dai gani da idonka ko?" In ce na gani, Baba. Sai ya koma ya jingina.

A Birnin Ƙonni hanyarmu ta rabu, ni zan gangara Illela in nufi Sakkwato, shi zai haura Tawa. Na roƙe shi ya biyo ni Zariya, ya ce a'a, yana so ya ga ko akwai sauran wanda ya san sunan ubansa. Kayansa duka ƙulli ɗaya ne da buta da buzun nan na zaure. Motar Tawa tana can ƙarshen tasha, ya ce in taya shi azawa. Na ɗora masa a ka, hannuna ya ƙi sakin ƙullin.

Na ce, "Baba, wa zai sauke maka a can?"

Ya ce, "Allah ba shi rasa bawa mai hannu. Ni nawa mai nauyin an riga an sauke shi."

Ya yi taku kaɗan, ya tsaya, ya juyo gaba ɗaya da kayan a kansa, yana murmushi irin wanda ban gani a fuskarsa ba tun ranar madubi. Ya ɗaga min tafukansa duka biyun a tsakiyar hayaniyar tasha.

"Biyu ta sa, Lawal," in ji shi. "Hannu biyu."